Jiran sabon wasan tseren Formula One: ɗoki da raɗe-raɗi kafin 2027

Tun daga shekarar 2009, ba a taɓa yin shekarar da kamfanin Codemasters na Birtaniya bai fitar da sabon wasan kwamfuta na gasar tseren motoci ta Formula One ba. Wasanni 17 ke nan a jere, daga F1 2009 zuwa F1 25.

A watan Nuwamban 2025 ne wannan al'ada ta katse, yayin da kamfanin Electronic Arts na Amurka, wanda aka fi sani da EA, kuma shi ne mamallakin Codemasters, ya ba da sanarwar cewa ba zai fitar da sabon wasa a 2026 ba.

A maimakon haka, kamfanin ya ce zai sayar wa waɗanda suka riga suka mallaki F1 25 wani ƙari, wanda zai ƙunshi motoci da direbobi da dokokin kakar 2026, sannan a 2027 ya fito da cikakken wasa da aka sake wa fasali.

Sanarwar ba ta ambaci sunan wasan ba, ba ta faɗi wata ko rana ba, balle farashi. Wannan giɓi da kamfanin ya bari shi ne masu sha'awar wasan suka shiga cikewa da hasashe: wasu na murna cewa a ƙarshe an bai wa maƙera wasan isasshen lokaci, wasu kuma na ganin cewa ruwa ba ya tsami banza.

Wanda bai saba da harkar ba zai iya ɗauka cewa batu ne na wasan yara. Amma a watan Fabrairun 2021 EA ya biya kimanin dala biliyan 1.2 kafin ya mallaki Codemasters, bayan ya doke tayin da abokin hamayyarsa Take-Two ya riga ya gabatar. Babban abin da ya saya da wannan kuɗi shi ne wata takarda: lasisin Formula One.

Mene ne lasisin?

Kowane kamfani na iya ƙera wasan tseren motoci. Abin da ba kowa ke da iko a kai ba shi ne sanya tambarin Ferrari a jikin jar mota, ko ɗora sunan Lewis Hamilton a kan direba, ko kiran tsere da sunan gasar Monaco.

Waɗannan sunaye dukiya ce, kuma suna da masu su. Harkar kasuwancin gasar tana hannun kamfanin Liberty Media na Amurka tun watan Janairun 2017, kuma daga hannun masu gasar ne maƙerin wasa ke sayen izinin yin amfani da sunanta da ƙungiyoyinta da filayenta.

Matasan da ke cika shagunan buga wasan ƙwallo na PlayStation a Kano ko Zariya ko Maraɗi sun san wannan lamari ba tare da an yi musu dogon bayani ba. Shekaru da dama sun ga yadda wasan FIFA ke ɗauke da sunayen ƙungiyoyi na gaskiya, alhali abokin hamayyarsa PES na laƙaba wa wasu manyan ƙungiyoyin Ingila sunayen aro. Sun kuma ga yadda sunan FIFA ɗin kansa ya ɓace daga wasan a 2023, bayan EA da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya sun kasa daidaitawa.

A harkar tseren motoci ma an sha ganin irin haka. A wasan Formula 1 97 na na'urar PlayStation ta farko, babu sunan Jacques Villeneuve, mutumin da ya lashe gasar a wannan shekarar, domin shi ke riƙe da haƙƙin sunansa da hotonsa. Haka kuma an shafe shekaru masu yawa, har zuwa 2016, EA na riƙe da lasisin motocin Porsche shi kaɗai, abin da ya sa wasan Gran Turismo na Japan ya riƙa amfani da motocin RUF, wani ƙaramin kamfanin Jamus mai ƙera motocinsa bisa ƙirar Porsche.

Lasisi yana ba da suna, amma yana ɗaure hannu. Mai suna yana da ta cewa kan yadda za a nuna kayansa, kuma ba kasafai kamfanin mota ke son ganin motarsa ta yi kaca-kaca a kan allo ba. Sannan idan aka ba kamfani ɗaya lasisi shi kaɗai, mai saye ba shi da wata rumfar da zai koma idan kayan wannan rumfar ba su yi masa ba.

A nan ne tushen ɗokin yake, kuma a nan ne tushen fargabar yake. Duk wanda ke son ya tuƙa motar McLaren ta bana a filin Silverstone, tare da sauran direbobin gasar da sunayensu na gaskiya, ƙofa ɗaya ce tak a gabansa.

An taɓa irin wannan jira

Ba wannan ne karon farko da masu sha'awar wasan suka zauna jira ba.

Kafin 2003 kamfanoni da yawa ne ke fitar da wasannin Formula One a lokaci guda. EA na da nasa, Sony na da nasa, ga kuma jerin wasannin Grand Prix na Geoff Crammond, waɗanda har yau tsofaffin hannu ke yabawa saboda yadda suka kwaikwayi tuƙi na gaskiya.

Daga 2003 zuwa 2007 Sony ya riƙe lasisin shi kaɗai, don haka sai mai na'urar PlayStation ne kawai ke samun sabon wasa. Da wa'adin ya ƙare, aka shiga wani lokaci da babu sabon wasa ko ɗaya. Kakar 2007, wadda Hamilton ya fara tsere a cikinta kuma Kimi Raikkonen ya lashe da ratar maki ɗaya, ba ta samu wasanta ba. Haka ma kakar 2008, wadda Hamilton ya lashe a kwanar ƙarshe ta tseren Brazil.

A watan Mayun 2008 aka sanar da cewa Codemasters ya karɓi lasisin. Kamfanin, wanda 'yan'uwa biyu Richard da David Darling suka kafa a 1986, ya riga ya yi suna da wasannin tseren daji na Colin McRae. Amma sai da aka ƙara jira fiye da shekaru biyu. F1 2009 ya fito ne kawai a kan ƙananan na'urori irin su Wii da PSP, kuma wani kamfani daban, Sumo Digital, shi ya haɗa shi.

A tsawon wannan lokaci, duk hoton da kamfanin ya saki sai an yi masa filla-filla. An yi alkawarin yanayin sama mai canzawa, inda ruwa zai sauko a tsakiyar tsere, titi ya jiƙe, sannan layin da motoci ke bi ya fara bushewa kafin sauran wurare. An yi alkawarin cewa mai wasa zai rayu kamar direba, ya amsa tambayoyin 'yan jarida, ya yi ciniki da ƙungiyoyi. An kuma ɗauko Anthony Davidson, tsohon direban Formula One, domin ya ba da shawara kan yadda mota ke amsa sitiyari.

F1 2010 ya fito a watan Satumban 2010, kuma ya zo a kan gaɓa. Michael Schumacher ya dawo daga ritaya, sababbin ƙungiyoyi uku sun shigo, motoci sun kai 24, kuma direbobi huɗu ne suka isa tseren ƙarshe a Abu Dhabi da damar lashe gasar, wadda Sebastian Vettel ya ɗauke yana da shekaru 23.

Wani abin ban sha'awa shi ne filin Yeongam na Koriya ta Kudu. Masu wasan sun riƙa tsere a kansa tun a watan Satumba, alhali filin na gaskiya bai samu amincewar ƙarshe daga hukumar FIA mai kula da tseren motoci ba sai ana saura ƙasa da makonni biyu a yi tseren, a ranar 24 ga Oktoba.

Wasan ya samu karɓuwa. An sayar da fiye da kwafi miliyan biyu, kuma ya lashe kyautar BAFTA ta wasan motsa jiki mafi kyau a 2011.

Sai dai kuma ba a yi mako guda ba aka fara ƙorafi. Masu wasa sun gano cewa a lokacin gwaji da na neman gurbi, lokutan da ake rubuta wa sauran direbobi ba daga motocin da ake gani a kan titi suke fitowa ba, lissafi ne kwamfuta ke yi a bayan fage. Kamfanin ya amsa cewa haka aka tsara. Akwai kuma kuskuren da ke sa a tsare motar mai wasa a wurin canza taya har sai kowa ya wuce, da wanda ke lalata duk abin da mutum ya adana. Motar da ke shiga gaba ta rage gudun tsere idan an yi hatsari, wadda mutane da yawa suka ɗauka za su gani, ba ta zo ba sai a wasan 2011.

Abin da 2010 ya nuna shi ne dogon jira na iya haifar da wasa mai kyau, amma ba zai iya haifar da wasan da mutane suka gina a zukatansu a lokacin jiran ba.

Darasin 2015 ya fi ɗaci. A 2014 aka sauya injinan Formula One, a daidai lokacin da sababbin na'urorin PlayStation 4 da Xbox One suka shigo kasuwa. Codemasters ya fitar da F1 2014 a kan tsofaffin na'urori, yana mai nuni da cewa babban aikin na tafe. Da F1 2015 ya iso a watan Yuli, hotunansa sun yi kyau, tuƙinsa ya inganta, amma babu sashen da mai wasa ke gina rayuwarsa ta direba shekara bayan shekara, wanda shi ne zuciyar wasan ga mafi yawan masu saye. Sai a F1 2016 aka maido da shi.

Ma'ana, kalmar "sake fasali" na iya nufin a rushe gida mai ɗakuna goma, a gina mai ɗakuna uku da ya fi ƙarko, sannan a ce sauran ɗakunan sai baɗi.

Me ya sa 2026?

Hujjar da ta fi ƙarfi a ɓangaren kamfanin ita ce ta fasaha. Dokokin 2026 na daga cikin manyan sauye-sauyen da gasar ta gani a tarihinta, domin an taɓa inji da gangar jikin mota a lokaci guda.

Ƙarfin da ɓangaren lantarki na injin ke bayarwa ya tashi daga kilowat 120 zuwa 350, wato kusan rabin ƙarfin motar gaba ɗaya. An cire na'urar da ke tara lantarki daga zafin hayaƙin inji. An koma man da ba daga rijiyar fetur aka haƙo shi ba. An rage faɗin mota da tsawonta da nauyinta. An kuma yi ban kwana da DRS, dabarar buɗe fiffiken baya domin wuce abokin tsere, wadda aka fara a 2011, aka maye gurbinta da fukafukan gaba da na baya masu sauya tsayuwa tsakanin miƙaƙƙen titi da kwana.

Ga direba, wannan na nufin tsere ya ƙara zama lissafin batir: inda za a kashe wuta, da inda za a tara ta. Ga maƙerin wasa kuma, yana nufin sai an sake koya wa motoci 21 da kwamfuta ke tuƙawa yadda za su yi wannan lissafi kamar mutane, ba tare da sun zama wawaye ko kuma sun gagari kowa ba.

Ga kuma sababbin fuskoki. Kamfanin Audi ya karɓi ƙungiyar Sauber, Cadillac ta shigo a matsayin ƙungiya ta 11, Ford ya haɗa kai da Red Bull wajen inji, Honda ya koma Aston Martin, sannan an sanya sabon filin birnin Madrid a jadawali.

Wasannin baya-bayan nan kan fito ne a ƙarshen watan Mayu ko a watan Yuni. F1 24 ya fito ranar 31 ga Mayun 2024, F1 25 kuma ranar 30 ga Mayun 2025. Hakan na nufin ana yin mafi yawan aikin ne tun kafin motocin gaskiya su taka titi. A shekarar da dokoki ba su canza ba, wannan ba matsala ba ce, domin motar bara ta isa abin kwatance. A shekarar sauyi kuwa, ko injiniyoyin ƙungiyoyin ba su san wa zai yi gaba ba. A 2009, ƙungiyar Brawn, wadda aka ceto daga rushewa ana saura makonni kaɗan a fara kaka bayan janyewar Honda, ita ta lashe gasar. A 2014 Mercedes ta ci tsere 16 cikin 19.

Duk da haka, wannan hujja ba ta rufe bakin kowa ba. Codemasters ya fitar da wasa a 2014, ya fitar a 2017 da 2022, kuma duk shekarun sauyin dokoki ne. Sannan tun da an ce za a sayar da motocin 2026 a matsayin ƙari, aikin kwaikwayon sababbin dokokin bai kau ba. Abin da ya kau shi ne sabon kwali da sabon suna.

Abin da ake hasashe

Mafi yawan muhawarar na kewaye ne da abin da ake kira injin wasa, wato ginshiƙin manhajar da ke zana hotuna, take kuma lissafa yadda taya ke kama kwalta. Codemasters na amfani da nasa injin mai suna EGO tun 2008, ana yi masa kwaskwarima lokaci zuwa lokaci. Masu suka na ɗora masa alhakin kurakuran da ke dawowa shekara bayan shekara kamar ciwon da bai warke ba.

Masu hasashen cewa za a sauya shi suna kafa hujja da wasan tseren daji na EA Sports WRC, wanda kamfanin ya fitar a watan Nuwamban 2023 a kan injin Unreal maimakon EGO. Wasu kuma na ambaton Frostbite, injin da EA ya mallaka kuma yake amfani da shi a wasansa na ƙwallon ƙafa. Abin lura shi ne wasan WRC ɗin ya fito ne da matsalar sarƙewar hoto a kan kwamfutoci da dama, don haka sabon inji ba lallai ne ya zama magani ba.

Hasashe na biyu shi ne cewa an yi ban kwana ke nan da fitar da wasa duk shekara, za a koma wasa guda da ake sabuntawa ana karɓar kuɗi kaɗan-kaɗan. Wannan ra'ayi na da magoya baya, domin ƙorafin da aka fi yi wa wasannin shekara-shekara shi ne mutum na biyan cikakken farashi ne a kan sauyin fenti da jerin sunaye. A Amurka farashin F1 25 a kan PlayStation 5 ya kai kusan dala 70, wanda a canjin 2025 ya haura mafi ƙarancin albashin wata na naira 70,000 da aka amince da shi a Najeriya a 2024.

Amma masu fargaba na tuna abin da ya biyo bayan zuwan EA. A F1 22 an ƙara wani sashe inda mai wasa ke sayen kujeru da fitilu da tufafi domin ƙawata ɗakinsa na cikin kwamfuta, a lokacin da tsofaffin motocin tarihi, waɗanda ake so ƙwarai, suka riga suka ɓace tun wasan 2021. F1 24 kuma ya sha suka kan yadda motoci ke tuƙuwa, har sai da kamfanin ya yi gaggawar gyara bayan fitowarsa.

Sauran buƙatun ba su da iyaka. A dawo da motocin Ayrton Senna da Schumacher. A auna dukkan filaye da hasken leza kamar yadda aka yi wa guda biyar a F1 25, wato Bahrain da Miami da Melbourne da Suzuka da Imola. A gyara alƙalan cikin wasa masu hukunta wanda aka buga su bar wanda ya yi bugun.

A ƙarƙashin duk wannan akwai wata tsohuwar baraka. Akwai mai wasa da ke zaune a kan kujerar falo da ƙaramar na'ura a hannu, yana son ya ci tsere cikin minti 20. Akwai kuma wanda ya kashe kuɗi mai yawa ya sayi sitiyari da birki da totur, yana son motar ta yi masa gardama kamar ta gaske. Na biyun ya fi surutu, na farkon ya fi yawa. Max Verstappen, wanda hotonsa ya bayyana a kwalin F1 23, an fi saninsa da yin tserensa na kwamfuta a iRacing, wanda aka gina domin irin mutum na biyu. Wasa mai lasisi dole ne ya ciyar da su duka daga tukunya ɗaya, domin masu gasar na kallonsa a matsayin hanyar jawo sababbin 'yan kallo.

Sun ga amfanin hakan a 2020, lokacin da annobar korona ta dakatar da tsere. Direbobi irin su Charles Leclerc da George Russell da Alex Albon sun koma fafatawa a wasan F1 2019 daga gidajensu, ana watsawa kai tsaye, kuma da wannan gasar ta riƙe hankalin masoyanta har aka dawo fili a watan Yuli.

Batun kuɗi

Akwai wani ɓangaren labarin da ba a filin tsere yake ba.

Lokacin da EA ya sayi Codemasters, ya samu jerin wasannin tsere da dama. A watan Nuwamban 2022 aka dakatar da Project CARS. A ƙarshen 2023 aka sallami wasu ma'aikata. A ƙarshen watan Afrilun 2025 kamfanin ya ce ya jingine aikin sababbin wasannin tseren daji, sana'ar da ya yi suna da ita tun 1998, kuma ba da jimawa ba aka sanar da cewa lasisin gasar WRC zai koma hannun kamfanin Nacon na Faransa daga 2027.

Masu sha'awar Formula One sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta. Don haka da aka ce musu babu sabon wasa a 2026, ba kowa ne ya karɓi batun a matsayin albishir ba.

Sannan a ƙarshen watan Satumban 2025, makonni kaɗan kafin sanarwar, aka bayyana yarjejeniyar sayar da EA ɗin kansa a kan dala biliyan 55 ga wasu masu zuba jari uku: asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, PIF, da kamfanin Silver Lake, da Affinity Partners na Jared Kushner, surukin Donald Trump. Kimanin dala biliyan 20 na kuɗin bashi ne da bankin JPMorgan ya ɗauki nauyin samarwa.

Ana iya karanta wannan ta fuska biyu. Kamfanin da aka ɗora wa bashi mai nauyi haka yakan duba kowane sashe ya tambayi abin da yake kawowa, kuma wasan Formula One, duk da farin jininsa, bai kama ƙafar wasan ƙwallon ƙafa na EA wajen kawo kuɗi ba.

A ɗaya ɓangaren, Saudiyya ba baƙuwa ba ce a gasar. Kamfanin mai na Aramco ya zama babban mai tallafa wa Formula One a 2020, birnin Jidda ya fara karɓar tsere a 2021, ana kuma gina wani filin a Qiddiya kusa da Riyadh. Ƙasar ta zuba maƙudan kuɗi a wasannin kwamfuta, ciki har da sayen kamfanin Scopely a kan dala biliyan 4.9 a 2023. Da wuya mai irin wannan buri ya yi sakaci da wasan da ya haɗa abubuwa biyu da yake so.

Akwai kuma wa'adin lasisin kansa. Yarjejeniyar da Codemasters ya bayyana a 2019 ta kai har kakar 2025, tare da damar ƙarin shekaru biyu, wato 2026 da 2027. EA ya ce shirin nasa na da goyon bayan masu gasar da ƙungiyoyinta, kuma ya kira shi jari na shekaru masu yawa. Ko ta yaya aka dubi lamarin, wasan 2027 zai fito ne a gaban alƙalai biyu: masu saye, da kuma masu lasisi, waɗanda ba su rasa wasu masu neman auren ba.

Tarihin sauran wasanni bai ba da amsa guda ba. Wasan kokawa na WWE 2K ya tsallake shekara bayan mummunar faɗuwar da ya yi a 2019, ya dawo a 2022 da ƙarfinsa. Wasan ƙwallon kwando na EA kuwa, da aka soke fitowarsa a 2010, ya dawo a 2013 bai taɓa farfaɗowa ba, har aka daina shi. A tseren motoci, kamfanin Motorsport Games ya yi shelar wasan gasar IndyCar ta Amurka da na gasar BTCC ta Birtaniya, masoya suka yi shekaru suna jira suna hasashe, amma a watan Nuwamban 2023 ya rasa lasisin biyun ba tare da ko ɗaya ya fito ba.

Codemasters ba ya cikin irin wannan hali. Yana da ma'aikatan da suka shafe fiye da shekaru 15 suna wannan aiki a Birmingham, yana kuma da wasa a kasuwa da ake ci gaba da bugawa. Abin da bai taɓa samu ba tun 2010 shi ne shekaru biyu cur a kan wasa ɗaya, kuma da wannan ya rasa uzurin da ya saba bayarwa na ƙurewar lokaci.

A shekarar 2027 ɗin ce kuma lasisin Nacon na gasar WRC zai fara aiki, gasar da Codemasters ya saki. Masu sayen wasannin tsere za su samu damar ajiye aikin kamfanonin biyu gefe da gefe.